Ni da Kawu a Bletchley: kwamfutar 'yan gidan waya da ta masu sayar da shayi

Kawuna, wato ƙanen mahaifiyata, tsohon ma'aikacin P&T ne, wato hukumar gidan waya da tarho, ya kama aiki tun kafin a haɗa ɓangaren wayarsu da NET mai kula da kiran ƙasashen waje a samar da NITEL a 1985, kuma kusan duk shekarun aikinsa a ɗakin na'urorin haɗa kira ya yi su, irin ɗakin nan da ba ka jin komai sai ƙas-ƙas-ƙas na ƙarafa suna haɗa layi. Da ya zo Landan ganin jika sai 'yarsa, taubashiyata, ta tsara masa yawo irin wanda ake wa kowane baƙo, fadar Buckingham, gadar Tower, agogon Big Ben. Wai mutumin nan ya ɗaga kai ya kalli agogon, ya duba na hannunsa, ya ce to madalla lokaci dai daidai yake, mu koma gida sanyi ya yi yawa. Ita ce ta kira ni, ni kuma lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin IT, ta ce "kai bawa, zo ka ɗauki ubangidanka ka kai shi inda ake ajiye tsofaffin wayoyi, ni kam na gaji." Na ce baiwa ai kin kawo kuka gidan mutuwa, amma bari, na san wani waje.

Daga tashar Euston muka hau jirgin ƙasa, ko awa ɗaya ba a yi ba muka sauka Bletchley, wani gari ne a jikin Milton Keynes arewa da Landan. Kana fitowa daga tasha ka tsallaka titi, 'yar tafiya kaɗan ga ƙofar Bletchley Park, inda Ingila ta riƙa fasa saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu. Kawu yana riƙe da fulas ɗin shayinsa da ledar dambun nama, ya ƙi yarda sam a sayi abinci a hanya. Tambayar farko da ya yi tun kafin mu shiga ita ce me ya sa aka zaɓi nan, ƙauye haka, aka baro birni. Na ce masa Kawu jirgin da ya kawo mu shi ne dalili na ɗaya, babban layin da ya tashi daga Landan zuwa arewacin ƙasar ta nan ya bi, sannan a wancan zamanin akwai wani layin da ya haɗa Oxford da Cambridge shi ma ta nan ya ratsa, to daga jami'o'in nan biyu ake kwaso masu ƙwaƙwalwar. Ya ce da sauran dai. Sai da muka karanta a wani allo cewa manyan igiyoyin tarho da na telegiram na ƙasar suna wucewa kusa, akwai tashar ƙara wa sigina ƙarfi a Fenny Stratford nan maƙwabta, sannan ya gyaɗa kai ya ce yauwa, yanzu aka zo wajen, ba a kafa irin wannan ofis inda babu layi.

Shugaban hukumar leƙen asirin Ingila na lokacin, Admiral Hugh Sinclair, shi ya sayi gidan a 1938, a watan Agustan 1939 masu warware saƙonnin sirri suka tare, ana saura 'yan kwanaki yaƙin Hitila ya ɓarke. Gidan kansa wani irin gini ne mai tarkacen ado, ga tafki a gabansa da agwagi, amma ba a cikinsa aka yi yawancin aikin ba, a wasu dogayen ɗakunan katako ne da aka jera a filin, kowanne da lambarsa. Zuwa farkon 1945 ma'aikata sun kusa 9,000, kuma kusan kashi uku cikin huɗu mata ne, ana aiki ba dare ba rana, kowa ya sa hannu a takardar rantsuwar rufe baki, wanda ke wannan ɗaki bai san me ake yi a na kusa da shi ba.

Mun fara da Enigma, na'urar da sojojin Jamus ke ɓoye saƙonninsu da ita, tunda ita kowa ya sani. Akwatin katako ne da mutum ɗaya zai iya ɗauka, ka buɗe ka ga madannai irin na tafireta, samansu kuma haruffa masu 'yan fitilu. Ka danna harafi sai wani harafin daban ya kama wuta, wani faifai a ciki ya juya taki ɗaya, ka sake danna wannan harafin dai sai kuma wani daban ya haska. Hanyoyin da za a iya saita ta sun kai miliyan sau miliyan sau miliyan 159, kuma kullum Jamusawa sai sun canja saiti. Amma tana da lam'a guda, harafi ba ya taɓa fitowa a matsayin kansa, in ka danna A komai zai iya fitowa ban da A. Da wannan da kuma halin soja na maimaita magana ɗaya kullum, kamar rahoton yanayi na safe, aka samu bakin zaren. Kuma abun da ba a cika faɗa ba shi ne ba Turawan Ingila suka fara fasa ta ba, wani matashin masanin lissafi ne ɗan Poland, Marian Rejewski, tun Disambar 1932, su suka kira Ingila da Faransa kusa da Warsaw a Yulin 1939 suka damƙa musu duk abun da suka gano. Akwai ɗan dutsen tunawa da su a wani lungu na harabar, mutane suna ta wucewa ba sa ko tsayawa.

Cunkoson yana Hut 8, ɗakin katako mai lamba 8 inda masanin lissafi Alan Turing ya yi aiki. An gyara ofishin kamar yadda yake a da, tebur, tafireta, takardu, sai kofin shayi ɗaure da sarƙa a jikin ƙarfen hita, don an ce haka yake ɗaure nasa kada a ɗauke masa. Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce ɗan nan ashe har a nan ana satar kofi a ofis, shi nasa fenti ya sa ya rubuta sunansa a gindi kuma duk da haka ya ɓata. Turing ne ya tsara injin da ake kira Bombe mai laluben saitin Enigma, Gordon Welchman ya ƙara masa wata dabara da ta sa ya yi aiki sosai, wani kamfani a Letchworth ya ƙera, na farko ya fara aiki a Maris 1940, kafin yaƙi ya ƙare an yi sama da 200. Ƙarshen mutumin ba daɗi, a 1952 kotu ta kama shi da laifin neman maza wanda doka ta hana a Ingila a lokacin, ya mutu a 1954 yana ɗan shekara 41, sai a 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa, yau kuma hotonsa ne a jikin takardar fam 50.

Toh amma gaskiya ni ba don Hut 8 na kawo Kawu ba. Akwai wani gidan tarihin daban a gefe, National Museum of Computing, a wani tsohon gini da ake kira Block H, ƙofarsa daban tikitinsa daban, sai ka fita ka zagaya ka ɗan hau tudu. Yawancin masu zuwa ba sa ƙarasawa can, sun ga kofin Turing sun ɗau hoto shikenan. Mu kam mun zauna a benci muka ci dambunmu, muka haɗa azahar da la'asar a gefen ciyawa, sannan muka nufi can.

Tun daga bakin ƙofar ɗakin za ka ji ɗumi ya bugo ka da wani wari na ƙura mai zafi da tsohuwar waya. Colossus kenan, injin lantarkin da aka ƙera lokacin yaƙin don fasa saƙonnin Jamus. Jeri biyu ne na dogayen ragar ƙarfe sun fi tsayin mutum, cike da bawul, wato kwalaben gilashin nan na cikin tsohuwar rediyo, suna ta ja-ja-ja da wuta, a gefe kuma wani firam mai tayoyi da yawa, an zagaya siririn tef na takarda mai huji-huji a kansu an haɗe bakinsa, yana ta gudu yana zagayowa kamar bel ɗin injin niƙa, har ba ka iya ganin hujin sai fari kawai. Haruffa 5,000 yake karantawa a daƙiƙa ɗaya, da haske ake karantawa ba abun da ke taɓa takardar, gudun tef ɗin ya haura kilomita 40 a awa, takarda fa. Can kuma wata tafireta mai lantarki tana zaune shiru, sai jim kaɗan ta buga lamba da kanta ta sake yin shiru.

Kawu bai ce komai ba ya matsa har jikin igiyar da aka tare wajen da ita, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya leƙa. Sai ya nuna wasu 'yan ƙarafa a jere ya ce ɗan nan, wannan ai rile ɗinmu ne, wato makunnin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa. Ya nuna wani mai zagaye da 'yan hannaye ya ce wannan silekta ne mai zaɓo layin da aka kira, da hannuna na sha wanke irinsa da burushi, ragar ma kanta irin tamu ce, har yadda aka ɗaure wayoyin da zare a jere haka aka koya mana. Wani dattijon Bature mai aikin sa-kai a wajen ya ji yana magana yana nuni, ya matso, da na fassara masa sai fuskarsa ta washe, ya ce shi ma tsohon injiniyan tarho ne, kuma Kawu bai yi kuskure ba, da kayan gidan waya aka haɗa injin don ma'aikatan gidan waya ne suka ƙera shi. Daga nan fa na zama ɗan kallo, turancin Kawu da ya kwanta tun ritaya ya tashi, suna ta kiran lambobin kaya ni ban san ko ɗaya ba.

Labarin yadda aka kai ga wannan inji shi ya fi komai kama ni. Ban da Enigma, Hitila da manyan janar-janar ɗinsa suna da wata na'urar daban mai suna Lorenz, faifai 12 gare ta, ana jona ta da injin telefirinta mai aika rubutu ta waya ko ta iska, kuma babu wanda ya taɓa ganinta a Ingila, sautin kawai ake kamawa a iska. Ranar 30 ga Agustan 1941 wani ma'aikacin Jamus ya aika saƙo mai haruffa wajen 4,000, na can ɗaya ɓangaren ya ce bai samu da kyau ba a sake, sai suka mayar da injin kan saitin farko, abun da aka hana su, shi kuma mai bugawa don gajiya ya dinga taƙaita kalmomi a karo na biyu. Saƙo biyu kusan iri ɗaya da mabuɗi ɗaya kenan. Wani gwanin fasa saƙo a Bletchley, John Tiltman, ya zauna ya raba su ya fito da mabuɗin, aka miƙa wa wani yaro ɗan shekara 24, Bill Tutte, wanda asali ma kimiyyar haɗa sinadarai ya karanta, ya dinga rubuta ɗigo da gicciye a takarda mai gida-gida yana neman inda abu ke maimaita kansa har ya gano cewa duk bayan 41 ake dawowa, wato akwai faifai mai haƙora 41. Daga nan shi da abokan aikinsa suka zana dukkan cikin injin da ba su taɓa sa wa ido ba, sai a 1945 suka ga na gaske. Wallahi ni wannan ya fi min labarin Enigma nesa ba kusa ba.

Sanin cikin injin daban, gano saitin kowane saƙo kuma daban, wannan ƙidaya ce mai yawan da hannu ba zai iya ba. Sashen wani masanin lissafi, Max Newman, sun fara da wani inji mai tef biyu da dole su yi gudu tare, takarda kuwa tana miƙewa, sai lissafi ya rikice. A nan Tommy Flowers ya shigo. Ɗan birkila ne daga gabashin Landan, da karatun dare ya samu digirinsa na injiniya, yana aiki a cibiyar binciken gidan waya da ke Dollis Hill. Ya ce a jefar da tef na biyun, a sa bawul su riƙa kwaikwayon faifan Lorenz a cikin injin. Manyan Bletchley suka ce ina, bawul sama da dubu ai kullum sai wani ya ƙone, injin ba zai taɓa yin awa guda yana aiki ba. Shi kuwa ya san abun da su ba su sani ba daga aikin tarho, bawul ba ya mutuwa don yana aiki, kunnawa da kashewa ke kashe shi, in ka kunna ka bar shi sai ya yi shekaru. Da Baturen ya zo nan Kawu ya buga cinya ya ce wannan ko yaron da ya kwana biyu a ɗakin inji ya sani. Farfesoshi ne fa ake gaya wa haka. Shugaban Dollis Hill ya mara masa baya, suka yi ta aiki wata goma sha ɗaya, har da kuɗin aljihunsa ya zuba, na farko mai bawul wajen 1,600 ya fara aiki a Bletchley farkon Fabrairun 1944, na biyu mai 2,400 ya kama aiki ranar 1 ga Yuni, kwana biyar kafin sojojin ƙawance su sauka Normandy a gaɓar Faransa. Kafin a gama yaƙi guda goma ke aiki, matan rundunar ruwa ne ke sarrafa su, an ce saboda zafin da suke fitarwa har wanki suke shanyawa a kusa.

Da aka ci yaƙi sai umarni ya zo a wargaza. Aka kwance takwas, wasu kayan ma aka mayar sito na gidan waya tunda dama daga can suka fito, biyu aka tafi da su hukumar leƙen asirin sadarwa ta GCHQ suka yi aiki a ɓoye har wajen 1960. Flowers da hannunsa ya zuba zanen injin a wuta. Aka ba shi fam 1,000 wanda bai ma biya abun da ya kashe ba, ya kuma raba da yaransa, ya koma aikin tarho bakinsa alaikum. Ana ba da labarin ya nemi rance a banki zai ƙera inji irin wannan aka hana shi don wai ba zai yi aiki ba, ga shi ba damar ya ce ai na riga na yi har goma. Sai tsakiyar shekarun 1970 aka fara jin sunan Colossus, shi kuma ya rasu a 1998. Wanda muke kallo ɗin ma sake ginawa aka yi, Tony Sale da tawagarsa suka fara a farkon shekarun 1990 da 'yan hotuna da guntayen zane da wasu injiniyoyi suka ɓoye, suka gama a 2007. Kawu ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce Allah sarki, an ci guminsa.

Shi ya sa da Amurka ta fito da kwamfutarta ENIAC a Jami'ar Pennsylvania a Fabrairun 1946, mai bawul kusan 18,000, duniya ta ɗauka ita ce farko, babu mai musu tunda masu musun an rufe musu baki. Amma kada ni ma in zuzuta, Colossus ba kwamfuta ba ce irin wadda muka sani, aiki ɗaya aka yi ta don shi, kuma ba ta ajiye furogiram a cikinta, da makunnai da fulogi ake saita ta. Wannan maganar ta wa ya riga wa ba ta ƙarewa, Jamusawa za su ce Konrad Zuse ya haɗa Z3 da rile a Berlin tun 1941, 'yan Manchesta za su ce tasu ƙaramar da ake kira Baby ita ta fara gudanar da furogiram daga cikin ma'ajiyarta ranar 21 ga Yunin 1948, kuma kowa da gaskiyarsa, ya danganta da me kake kira kwamfuta.

A ɗaki na gaba akwai wata da na so ƙwarai, Harwell Dekatron ta 1951, ita ba kwaikwayo ba ce, ainihin ta ce kuma tana aiki, an ce babu kwamfutar dijital mai aiki da ta girme ta a duniya. Daɗinta shi ne kana ganin lissafin da idonka, kowace kwalba tana da ɗigon wuta ruwan lemo da ke zagaya gurbi goma, in ɗigon ya tsaya a gurbi na bakwai to bakwai ke ciki, kana tsaye za ka ga lamba ta tashi daga wannan layi ta koma wancan, rile suna ta ƙara. Ba ta da sauri ko kaɗan, ninka lamba da lamba guda ɗaya sai ya ci daƙiƙoƙi, mutum da injin lissafi na hannu zai iya tsere da ita na ɗan lokaci, sai dai shi zai gaji ita ba ta gajiya, a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell sai a loda mata tef a kulle ɗaki a tafi hutu.

Wajen wata kwamfuta mai suna EDSAC ne, wadda muka tarar suna sake ginawa a can, labari ya juya ya nufo irin aikina. Ta asalin a Cambridge Maurice Wilkes ya gina ta, ta fara aiki a Mayun 1949, ma'ajiyarta bututu ne cike da zaiba, ana tura bayanai a matsayin sauti suna kai da komo a ciki. To wa ya taimaka da kuɗi? Kamfanin shayi. J. Lyons, masu shagunan shayi da gidajen burodi da kek birjik a Ingila a wancan zamanin. Kawu ya ce in sake tambaya ko dai ban ji daidai ba. Haka ne, matsalarsu ita ce ciniki ƙanana-ƙanana ba iyaka, ribar kowanne 'yar mitsitsiya, ga akawu ɗaruruwa suna ta tara lissafi, sai suka tura mutum biyu Amurka a 1947 su gano musu wannan sabon abu, suka dawo suka ce a nan gida Cambridge ma ana yi, kamfanin ya ba da fam 3,000 da aron ma'aikaci ɗaya, da EDSAC ta tashi sai suka gina tasu suka sa mata LEO. A Nuwambar 1951 ta fara lissafin kuɗin kayan gidajen burodinsu duk mako, wannan shi ne karon farko da kwamfuta ta kama aikin ofis na yau da kullum a duniya, a 1954 ta karɓi lissafin albashi, abun da ke cin akawu minti takwas kan mutum ɗaya ita daƙiƙa ɗaya da rabi. Kullum da rana manajojin shaguna za su bugo waya su faɗi canjin odar gobe, cikin dare inji ya fitar da takardar me za a gasa me za a loda wa wace mota. Har suka koma ƙera kwamfutar suna sayarwa, kuma na ƙarshe da suka rage suna aiki gidan waya ne ke buga takardun kuɗin tarho da su har 1981.

Ni a ganina nan ne ainihin aikin da muke kira IT ya fara, ba wajen fasa saƙon Hitila ba, ranar da wani ya ce bari inji ya riƙe mana oda da albashi da sito. Amma duk wannan lokacin abun ba shi da suna. A jirgi muna komawa Kawu ya tsiyaya sauran shayin ya ce to ɗan nan, wannan IT ɗin da uwarka ke cewa kana karantawa, ni da na ɗauka irin wanda ɗalibai ke zuwa ne na wata shida a kamfani, a cikin waɗannan wa ya raɗa masa suna, Baturen gidan wayan ko masu shayin? Na ce Kawu babu ko ɗaya, kuma ba ma a ƙasar nan aka raɗa ba.

Wasu malaman jami'a biyu ne a Amurka, Harold Leavitt da Thomas Whisler, kuma su ba injiniyoyi ba ne, harkar gudanar da kamfani da halayyar ma'aikata suke koyarwa. A ƙarshen 1958 suka rubuta maƙala a mujallar Harvard Business Review suna hasashen yadda shugabancin kamfanoni zai kasance a shekarun 1980, a ciki suka ce wannan sabuwar fasaha har yanzu ba ta da tsayayyen suna guda, don haka su za su kira ta infomeshon teknoloji, fasahar sarrafa bayanai kenan. Abu uku suka cusa a ƙarƙashin sunan, na farko sarrafa bayanai masu yawa cikin sauri wanda kwamfuta ke yi, na biyu amfani da lissafi da ƙididdiga wajen yanke shawara, na ukun kuma sa kwamfuta ta kwaikwayi tunanin mutum, wato abun da yau ake ta hayaniya a kai na AI tun a 1958 yana cikin lissafinsu. A shekarar nan dai Jack Kilby na Texas Instruments ya gwada da'irar lantarki ta farko a kan ƙwaya ɗaya, abun da zai ƙarasa kashe kasuwar bawul ɗin da muka gama kallo, amma su ba ƙarfe ne ya dame su ba, damuwarsu wa zai riƙe bayani a kamfani kuma wa zai yanke hukunci. Sunan ma bai kama nan take ba, an daɗe ana cewa sarrafa data, a Ingila sai da gwamnati ta naɗa minista na musamman a 1981 ta kuma ware 1982 a matsayin shekarar IT sannan ya shiga bakin kowa, mu kuma a Najeriya aka kafa hukumar bunƙasa IT, wato NITDA, a 2001.

Da na gaya masa hasashen nasu, cewa inji zai cinye yawancin aikin matsakaitan manajoji, iko ya tattaru ya koma hannun 'yan ƙalilan na sama, sai Kawu ya ajiye kofi ya ce bai yarda ba. Ya ce shi da idonsa ya gani, da aka kawo na'ura mai haɗa kira da kanta ba manaja ko ɗaya da ya tafi, 'yan matan da ke zaune gaban allo suna cewa wace lamba kake so su aka fara sallama, bayan su masinja, bayan su akawu, da dijital ta zo kuma irinsu masu burushi da ɗan mai aka ce an gode. Na ce Kawu ai rabin maganar tasu ta tabbata, yau daga hedikwata mutum ɗaya yana ganin cinikin kowane reshe a allo ba sai ya jira rahoton wata ba, manajan reshen banki da a da shi ke yanke wa zai samu bashi yanzu sai dai ya tura sama ya jira. Ya ce to wannan an rage masa iko ne ba a kore shi ba, har yanzu yana nan da kwat ɗinsa. Gaskiya ban iya kayar da shi ba, kuma ina ganin a nan ya fi malaman biyu gani, don su daga ofishin sama suka hango abun shi kuma yana ɗakin inji.

Muna wuce Watford ya miƙo min wayarsa ya ce in tura hotunan rile da silektan nan a guruf ɗinsu na WhatsApp na tsofaffin ma'aikata, in rubuta cewa da irin kayan aikinmu aka ci yaƙin Hitila. Na ce Kawu wannan ai ya yi yawa, ya ce rubuta dai, ni na ce. Kafin mu iso Euston saƙon murya ya fi goma, wani na cewa irin wannan silektan a Kaduna aka fara kafa shi, wani na rantsuwa a Inugu ya fara gani, wani tsoho kuma ya dage wai hoton ma ba na Ingila ba ne, tsohon ɗakin injinsu ne na Jos aka ɗauka, Kawu ya kara wayar a baki yana ba shi amsa da ƙarfi har Turawan da ke kujerar gaba suna waiwayowa.